Daga Sakaina Zuwa Masaki: Tarihin Shiga Sana'ar Sassaƙar Ƙwarya a Tunuga da Ƙasar Dandi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda mutum ke fara sana'ar sassaƙa da zanen ƙwarya a yankin Tunuga, cikin gundumar Gaya ta jahar Doso, da kuma yadda hanyar farawar ta sauya daga ƙarni na 19 zuwa yau. Mun zaɓi mu kalli sana'ar ta ƙofar shigarta ne saboda a ganinmu sana'a tana fara mutuwa tun ranar da ta rasa sabon almajiri, ko da kuwa gwanayenta suna da sauran shekaru ashirin a duniya. Wanda duk yake son ya auna lafiyar wata sana'a, to ya dubi masu koyonta kafin ya dubi kayan da ke shimfiɗe a kasuwa.

Za mu kafa hujja a kan abubuwa uku. Na farko, ƙwaryar da aka zana takan bi ta hannun mutane da dama kafin ta isa ɗakin mai ita, saboda haka laƙaba mata sunan ƙabila ɗaya, kamar yadda gidajen adana kayan tarihi suka saba yi, yana ɓoye tarihinta. Na biyu, abin da ke buɗe ko rufe ƙofar sana'ar shi ne samun babban duma mai kauri, da lokacin rani da babu aikin gona, da kuma mai saye. Na uku, waɗannan sharuɗɗa uku duk sun girgiza a ƙarni na 20, kowanne ta fuskarsa. A ƙarshe za mu kwatanta masaki da ƙatuwar kabewar da ake sassaƙawa a Amurka da Turai, domin kwatancin yana fito da abin da ya keɓanta ga namu.

2.0 Duma da kabewa: matsalar suna

Tun da yake takardun nan cikin harsuna biyu suke fitowa, ya kamata mu fara da kalmomi. Faransanci yana amfani da kalma ɗaya, calebasse, a inda Bahaushe ke da fiye da goma. Shukar kanta duma ce, wadda masana tsirrai ke kira Lagenaria siceraria. Daga ƴaƴanta ake samun ƙwarya, da masaki wanda ya fi ta girma, da ƙoƙo da kwacciya waɗanda ba su kai ta ba. Akwai ludayi mai hannu, da gora da buta da jallo da gyanɗama masu wuya, da zunguru na lalle, da shantu na kiɗa, da kurtu na tawada. Idan ƙwarya ta fashe, ɓarinta sakaina ne. Dalziel ya tattara da yawa daga cikin waɗannan sunaye a littafinsa na sunayen tsirrai cikin Hausa a 1916, haka kuma ƙamusun Bargery na 1934. Bazabarme da Badande suna cewa gaasu, Bafillace kuwa tummude. Duk rahoton Bature da ya ce calebasse kawai, to ya bar mai tarihi da aikin gano wace ce daga ciki, kuma bambancin ba ƙarami ba ne: ludayi kayan yau da kullum ne, masaki kuwa dukiya ne.

Har ila yau akan rikita duma da kabewa, wadda a Sakkwato da Katsina ake ce wa kabushi. Danginsu ɗaya, amma tarihinsu daban. Kabewa, wato jinsin Cucurbita, daga Amurka ta fito, ba ta iso Afirka ba sai bayan 1492. Duma ɗan asalin Afirka ne: a 2004 aka ba da rahoton samun na daji a Zimbabuwe, kuma binciken ƙwayoyin halitta da Kistler da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya nuna cewa duman da mutanen Amurka suka yi amfani da shi shekaru kusan 10,000 da suka wuce daga Afirka ya samo asali, ruwan teku ne ya kai shi can. Kabewa tana da nama mai kauri da ɓawo mai laushi, ana cin ta, tana ruɓewa. Duma yana da ciki mai ɗaci da ɓawo wanda in ya bushe yakan zama kamar itace. A kan wannan ɓawo ne dukkan sana'ar ta dogara.

Ƙwarya tana daɗewa a ɗaki, amma ba ta daɗewa a ƙasa. Gara da damshi suna cinye ta, saɓanin tsingaro da ƙarfe da masu tonon tarihi ke samu. Shi ya sa tarihinta yake a warwatse cikin harshe, da karin magana, da labaran matafiya, da kayan da aka kai gidajen tarihi, da kuma hannun masu aikin kansu.

3.0 Tunuga a mahaɗar hanyoyi

Tunuga tana kudu maso gabashin Gaya, a ƙasan kwarin Dallol Mawri, inda kwarin ke gangarawa cikin kogin Kwara bayan ya haɗu da Dallol Fogha. Nijeriya tana gabas da ita, Benin tana ƙetaren kogi. Wannan ne yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga fadamu, ga dajin giginya. Mazaunansa sun haɗa da Cangawa, da Dandawa, da Hausawa, da Zabarmawa, da Fulani. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Sangai a 1591, zuriyar Askiya ta koma Dandi. Ta gabas kuma akwai tasirin Kabi tun zamanin Kanta a ƙarni na 16. Ke nan tun da daɗewa yankin yana sauraren yamma da gabas a lokaci guda.

Abubuwa huɗu ne suka sa ƙwarya ta zama dole a tattalin arzikin wannan wuri. Na farko gishiri. A kwarin Fogha da ƙasan Mawri akan kankaro ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan a tukwane har ya daskare. Barth ya ratsa Fogha arewa da Tunuga a watan Yuni na 1853, a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Say, ya kuma bayyana wannan aiki a daidai lokacin da tawayen Kabawa da Yakubu Nabame ya fara a 1849 ya hana hanyoyi zaman lafiya. Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan gishirin Sudan ta Tsakiya, ya sanya Fogha cikin manyan wuraren da ke ciyar da kasuwannin daular Sakkwato da Bargu. Aikin da ya ƙunshi ɗibar ruwa da juye ruwa daga safe zuwa yamma ba ya yiwuwa sai da mazubi mai sauƙin ɗauka wanda gishiri ba ya ci, kuma ƙwarya ce ta cika wannan sharaɗi.

Na biyu fatauci. Ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja tana bi ta Jega, ta ƙetare Kwara a wajen Illo ko Gaya, ta nufi Kandi da Jugu har Salaga. Ayari yana buƙatar gora da buta da gyanɗama, kuma yana ɗauke da ido: fataken da suka ga fararen ƙoren Yarabawa masu zurfin sassaƙa, irin waɗanda Oyo ta shahara da su, ko na Bargu, sun dawo da abin da suka gani. Na uku su da fito. Babban gora shi ne abin hawan masunci a ruwa kuma ma'ajiyar kifinsa, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a siffarsa ta yanzu a 1934. Na huɗu nono. Ƙwaryar Bafillatana ita ce shagonta, kuma kyan ƙwaryar yana cikin abin da ke jawo mai sayen fura.

4.0 Hannaye biyar a kan ƙwarya ɗaya

Idan muka bi rayuwar masaki ɗaya za mu tarar da aƙalla mutum biyar. Akwai manomi, wanda ya shuka duma da damina a gindin danga, ko kan rumbu, ko a fadama. Akwai mafafi, wanda ke raba duma biyu ya fitar da cikinsa. Akwai mai zane ko masassaƙi. Akwai mai ita, wadda ke wanke ta, ta shanya, ta jera. Sai gyartai, wanda ke huda gefen tsaguwa da basilla ya ɗinke da zaren kaba ko na saiwar goriba. Wani lokaci mutum ɗaya ke yin biyu ko uku daga cikin waɗannan ayyuka, amma a kasuwa mai girma sukan rabu. Akwai ma na shida a bayan fage, wato maƙerin da ya ƙera wuƙar.

A yanki irin Tunuga babu abin da ya tilasta waɗannan mutane su kasance masu harshe ɗaya. Manomin yana iya zama Bacange, masassaƙin Bahaushe, mai ita Bafillatana wadda ta faɗi irin zanen da take so. Dupire ta nuna a 1962 matsayin da jerin ƙore yake da shi a dukiyar matan Woɗaaɓe, alhali makiyayi ba ya noma duma, sayensa yake yi daga mazauna. To idan irin wannan masaki ya isa gidan tarihi aka rubuta masa “Peul” ko “Haoussa”, sunan wa aka rubuta, na mai saye ko na mai wuƙa? Manyan ayyuka biyu da aka yi kan zanen ƙwarya a yankinmu, na Chappel a 1977 da na Berns da Hudson a 1986, duk a arewa maso gabashin Nijeriya aka yi su, inda a al'ummomi da dama mata ne ke zane da wuƙa mai zafi, kowace al'umma da salonta. A ƙasar Hausa kuwa sassaƙar ƙwarya don sayarwa ta fi zama aikin maza. Ɗauko ma'aunin Adamawa a ɗora wa Dandi kai tsaye zai sa mu nemi salon ƙabila a wurin da salon kasuwa ne ke aiki.

Wani abin lura shi ne sana'ar ba ta cikin sana'o'in da aka ƙulle da gado kamar ƙira ko wanzanci ko fawa. Ana gadonta, amma wanda bai gada ba yana iya shiga. Jarinta kaɗan ne: wuƙaƙe biyu ko uku, da zarto, da makankari, da garwashi. Wannan sauƙin shiga shi ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta, domin sana'ar da gida bai ɗaure ɗansa a kanta ba tana da sauƙin bari.

5.0 Matakan koyo

Koyo yana farawa daga aikin da babu mai so. Bayan duma ya ƙosa, igiyarsa ta bushe, sai a yanke shi a fafe, a jiƙa shi cikin ruwa kwanaki har cikin ya ruɓe, a kankare, a sake jiƙawa don ɗacin ya fita, sannan a shanya a inuwa, domin rana mai zafi tana tsaga shi. Aikin yana da wari kuma yana cin lokaci, shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya yi wata yana kankara ya riga ya san kaurin ɓawo da yatsunsa, ya san ƙarar duman da ya ƙosa da ta wanda aka yanke ɗanye. Wannan sani shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Mataki na biyu shi ne fafa. Akan zagaya duma da zare, a bi zaren da gawayi, sannan a yanka. In layin ya karkace, an yi asarar ƙore biyu a lokaci guda. Mataki na uku shi ne riƙe wuƙar zane, kuma a kan sakaina ake fara shi, tun da ba ta da kuɗi. Hanyoyin zane uku ne. Akwai ƙuna, inda ake sa wuƙa a wuta a ja baƙin layi, ana musanya wuƙaƙe domin kada aikin ya tsaya. Akwai tsaga da tsinin ƙarfe mai sanyi, sannan a shafa baƙin tukunya da mai, ko farar ƙasa, layukan su fito. Akwai kuma sassaƙa ta ainihi, inda ake kankare fatar waje a bar zanen a tsaye, fari a gefen rawaya, ko fari a gefen ja idan an riga an rina ƙwaryar da karan dafi. Kowace hanya tana da irin kuskurenta: wuƙa mai zafi tana wuce gona da iri in an yi jinkiri, mai sanyi kuma tana zamewa a kan santsin ɓawo.

Daga sakaina sai ludayi da ƙoƙo, waɗanda in sun lalace asarar kaɗan ce, in sun yi kyau kuma ana iya kai su kasuwa. Daga nan sai ƙwarya. Masaki ne ƙarshe, kuma dalilan suna da yawa. Bayansa faffaɗa ne kuma a lanƙwashe, dole a raba shi kashi huɗu ko takwas daga gindi zuwa baki da zare da ido kawai. Zanen da aka fara a gefe ɗaya tilas ya zagayo ya haɗu da mafarinsa, kuma duk ɗan kuskuren da aka yi a hanya a mahaɗar nan yake taruwa ya tona asiri. Ga shi babu gogewa, abin da wuƙa ta cire ya tafi ke nan. Sannan masaki yana da tsada tun kafin a taɓa shi, domin samun babban duma aiki ne na musamman: a zaɓi iri daga babba, a ba shi taki, a cire sauran ƴaƴa a bar ɗaya ko biyu a jikin yaɗo, a kula da yadda ya zauna don kada ya kwanta ta gefe. Furen duma fari ne, da dare yake buɗewa, ƙwari suna haɗa irin ludayi da na masaki in suna kusa, saboda haka iri mai kyau abin tsaro ne. Ranar da gwani ya miƙa wa almajiri masaki ya juya baya, ranar ce ya yaye shi, ko da ba a yi wani biki ba.

Zane-zanen kansu ba na ƙwarya kaɗai ba ne. Dagi, da layuka masu kusurwa, da zobba, duk ana ganin danginsu a ɗinkin riga, da aikin dukawa, da adon bango, kamar yadda baje kolin fasahar Hausawa da Heathcote ya shirya a Landan a 1976 ya nuna. Almajirin masassaƙi yana koyo daga duk abin da ya gani a kasuwa.

6.0 Sauye-sauyen ƙarni na 20

6.1 Iyaka, haraji da cin rani

Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1906, da aikin kafa duwatsun iyaka da Tilho ya jagoranta ta ɓangaren Faransa daga 1906, sun bar Kamba a hannun Ingilishi, Gaya da Tunuga a hannun Faransawa. Garin Dole ma biyu aka raba shi. Iyakar ba ta hana ƙwarya wucewa ba, amma ta kawo kuɗi iri biyu da haraji iri biyu. Harajin da ake biya da tsabar kuɗi, haɗe da aikin tilas wanda sai a 1946 aka soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulki, ya kori samari zuwa Nijeriya da Gwalkwas da rani. Jean Rouch ya bayyana wannan tafiya a 1956. Rani kuwa shi ne makarantar sana'ar hannu. Saurayin da ya saba tafiya Kumasi bayan girbi ya rasa watannin da a cikinsu ake zama gaban gwani.

6.2 Kwano da roba

Sauyi mafi girma daga ɗakin mata ya zo. A da, jeren ƙore shi ne shaidar arzikin amarya da na uwarta. Barbara Cooper, a bincikenta kan aure a Maraɗi da aka buga a 1997, ta nuna yadda kayan ɗaki suka tashi daga abin da ake samarwa a gida zuwa abin da ake saye da kuɗi, kwanoni suka maye gurbin ƙore a jere. Kamfanonin Turawa ne suka fara shigo da kwanon, daga baya aka kafa masana'antunsa a Nijeriya wajen 1960, sannan roba ta biyo baya. Gadar Gaya da Malanbil, wadda aka buɗe a 1958, ta mai da yankin babbar ƙofar kayan da ke fitowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ke nan Tunuga, da take tsakanin wannan gada da kasuwar Kamba, tana cikin wuraren da kayan waje suka fi saurin isa. Ko awo ya sauya: tiya, wadda ake auna hatsi da ita a kasuwannin Nijar, kwano ce. Ko kiɗa bai tsira ba, domin kuntigin Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi aka yi shi.

Ya kamata mu bambance abu biyu a nan. Ƙwarya mara ado ba ta ɓace ba. Ana dama fura a cikinta, ana sheƙa da bakace da ita, ana tallar nono, mata suna kiɗa ta a amada irin na marigayiya Barmani Coge, ƴan bori da masu holle na Zabarma suna amfani da ita, goge da garaya suna nan da ƙoƙonsu. Abin da kwano ya ƙwace shi ne matsayin ƙwarya a jere, wato ainihin wurin da ake biyan kuɗi mai yawa don zane mai kyau. Matakan ƙasa na sana'ar suka tsira, na sama ya rasa mai saye. Almajiri yana iya kaiwa ga ƙoƙo da ludayi, amma dalilin da zai sa ya sha wahalar kaiwa masaki ya ragu.

6.3 Fari, darajar kuɗi da sababbin masu saye

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 ya hallaka shanu masu yawa, ya kuma tura makiyaya da manoma daga arewa zuwa kudu, har ƙasar Gaya. Matar da ta rasa shanu ta rasa nono, ta rasa kuma dalilin sayen sabon masaki. A ɗaya gefen, karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya sa kayan da ke zuwa daga wajen yankin sefa suka yi tsada, amma robar Nijeriya da ake saye da naira mai rauni ta ci gaba da shigowa. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da rufe iyakokin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya bar gadar Gaya a rufe tsawon shekarar 2024, sun sake tunatar da mu cewa ƙaramin mai sana'a a bakin iyaka yana rayuwa ne da izinin siyasar manyan birane.

Sabon mai saye ya fito daga birni. Gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ya tanadi rumfuna inda masu sana'ar hannu ke aiki a gaban baƙi, sannan aka sami bukukuwan baje koli irin su SIAO a Wagadugu da SAFEM a Yamai. Wannan kasuwa tana son abu ƙarami da zai shiga jaka, mai hoton raƙumin dawa ko taswira, kuma tana tashi da faɗuwa tare da zuwan baƙi. Wanda ya shiga sana'ar ta wannan ƙofa yana iya sayen ƙwarya fafaffiya, ya yi zane da fensir, ya bi da ƙarfen lantarki, ba tare da ya taɓa jiƙa duma ba. Ya tsallake matakai biyun farko, kuma masaki ba ya cikin hanyarsa.

7.0 Masaki da ƙatuwar kabewa

A Amurka ta Arewa da Turai akwai wata al'ada da ta yi kama da tamu ta fuska ɗaya. Sassaƙar kabewa a ƙarshen Oktoba ta samo asali daga baƙin da suka zo daga Ayalan, waɗanda a ƙasarsu wani tushe mai kama da gwaza suke fafewa su sa fitila. Gasar noman ƙatuwar kabewa kuma ta bunƙasa da irin Atlantic Giant wanda Howard Dill, manomi a Kanada, ya tace. A 1904 William Warnock ya kai kabewa mai nauyin kilo 183 baje kolin duniya. A 1996 aka wuce kilo 450. A 2023 Travis Gienger ya auna mai kilo 1,247. Dabarar manomin can ita ce ta manomin masaki: zaɓen iri, tsare fure, barin ɗa ɗaya a jikin yaɗo. Mai koyon sassaƙar can ma da ƙaramar kabewa yake farawa kafin a ba shi babba.

Bambancin yana cikin abin da ake sassaƙawa. Masassaƙin kabewa nama yake kankara da kayan aikin masu ginin yumɓu, yana fitar da fuska mai zurfi, kuma cikin kwanaki aikin zai ruɓe, hoto kawai zai rage. Masassaƙin masaki yana aiki a kan ɓawon da kaurinsa bai wuce na yatsa ba, kuma dole abin ya ci gaba da riƙe nono bayan ya gama. Aikin can na kallo ne na mako guda, gasa da kyauta da ƴan jarida suna riƙe da shi. Aikin nan yana iya wuce mai shi, a ɗinke shi sau uku, ƴa ta gada daga uwa. Darasin da muka ɗauka daga kwatancin shi ne cewa girman duma ba kyautar ƙasa kawai ba ce. A can ƙungiyoyin manoma suna rubuta asalin kowane iri suna musayarsa. A nan irin masaki yana hannun ɗaiɗaikun manoma, kuma iri ne da in aka daina shuka shi shekaru kaɗan a jere zai gauraye da sauran ko ya mutu a ajiya.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa shiga sana'ar sassaƙar ƙwarya a Tunuga da kewayenta ya dogara a kan duma, da rani, da mai saye. Cin rani ya taɓa na biyu, kwano ya taɓa na uku, kuma raguwar mai saye tana komawa ta taɓa na farko, tun da manomi ba ya wahalar renon masakin da babu mai nema. Mun kuma ga cewa a mahaɗar ƙasashe uku da harsuna biyar, tambayar “ƙwaryar wace ƙabila ce” ba ta kai tambayar “hannun wa da wa ta bi” amfani ba.

Daga nan muke ba ɗalibanmu masu neman batun digiri shawarar ayyuka uku. Na farko, tattara sunayen duma, da na kayan aiki, da na zane-zane cikin Hausa da Dandanci da Canganci da Fulfulde a kasuwannin Tunuga da Gaya da Kamba da Malanbil, a jera su gefe da gefe domin a ga wa ya ara daga wa. Na biyu, rubuta tarihin koyon kowane gwani: wa ya koya masa, yana da shekara nawa, a kan me ya fara, yaushe aka ba shi masakin farko. Na uku, tarihin ƙore ɗaiɗaiku a ɗakunan tsofaffin mata, ana ƙirga ɗinkin gyartai kamar yadda ake ƙirga shekaru. Irin wannan aiki yana buƙatar haɗin kan masu harshe da masu tarihi da malaman aikin gona, kuma lokacinsa shi ne bayan girbi, sa'ad da ake fafe duma, gwanaye suna zaune a gida.